Sa'ad da Tela Ya Shiga Kamfanin Mota

Yau kam na ɗan ajiye soyayya, tarihi zan taɓa.

Ranar wata Juma'a, kasuwar Wudil na ci, na kai tsohuwar Golf ɗina wajen mai ɗinkin kujerun mota. Ya ware mini yadi kala uku, ya ce Malam zaɓi. Na tsaya ina kallon yadda yake tafi da zare, sai na tuna marigayi kawuna, wanda ya ƙare rayuwarsa a zaure yana fitar da aska takwas a kan manyan riguna.

A ƙasashen Turawa tela ya daɗe da shiga kamfanin mota. A shekarar 1973 kamfanin AMC na Amurka ya haɗa kai da Levi's, masu wandon jins, suka fito da ƙaramar motar nan Gremlin da kujeru shuɗaye, da ɗinkin zare ruwan lemo da maɓallan tagulla, sak wandon. Abin dariyar shi ne yadin ba jins ba ne, nailan ne aka saƙa ya yi kama da shi, saboda dokar kiyaye gobara. Masu saye ba su damu ba, tunda ga sunan Levi's maƙale a kujera.

Ingila ta biyo baya. A 1988 aka yi wa Mini kwalliya da hannun Mary Quant, matar da ta yi suna da gajeren siket. Guda 2,000 kacal aka ƙera, kujerun ratsin baƙi da fari, da sa hannunta a jiki. Sai 2011 da Fiat na Italiya ya fito da Fiat 500 ta Gucci, lokacin da gidan Gucci ya cika shekara 90, aka ja ratsinsu na kore da ja har a bel ɗin ɗaure jiki.

To, me ya sa ake yi wa ƙananan motoci haka? A ganina, ƙaramar mota ribarta kaɗan ce. Sauya inji kuɗi ne mai yawa, sauya yadin kujera kuwa ba wani abu ba ne. A liƙa suna, a ce 'yan ƙalilan aka yi, shi ke nan farashi ya tashi.

Nan ne abin yake ci mini rai. Kawu yakan yi wata uku a kan riga ɗaya, dillali ya ɗauka ya kai Kano, ta ƙare a jikin wani basarake. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya ɗinka. Idanunsa suka dushe a kan allura.

Da mai kujerun ya gama, na ce ya ɗinka sunansa a gefe. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wa zai karanta?" Na ce ni. Ya ƙara mini kuɗin zare.