Daga Takalafiya Zuwa Digirin Digirgir: Tarihin Binciken Lafiya a Ƙasarmu da Abin da Ya Rage Gare Mu

 

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa muna so mu waiwayi wani fanni da ba mu cika tattauna shi a tarukanmu ba, wato binciken ilimin lafiya, da kuma karatun nan mai zurfi da ake kira digiri na uku ko digirin digirgir. Mun saba da murna idan ɗanmu ya fito likita, har a yi walima. Amma idan ya ce zai koma ya shafe wasu shekaru yana bincike, sai a ji iyaye na cewa, "To, karatun nan ba ya ƙarewa ne?" Amsar wannan tambaya tana cikin tarihinmu.

Tun zamanin Turawa ƙasarmu ta zama fagen bincike. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau, hukuma ta gano cewa ƙudan tsando da ke ɗauke da cutar yana fakewa ne a duhuwar bakin rafi. Aka sare kurmi, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane daga cunkoson tsohon garin Anchau zuwa wani sabon gari da aka raɗa wa suna Takalafiya. Aikin ya yi amfani, sai dai masu tsara shi da masu rubuta sakamakonsa duk baƙi ne. Namu mutanen a lokacin ba su wuce matsayin tafinta, da duba-gari, da malamin asibiti ba. Likitan farko da Arewa ta samu shi ne Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, wanda ya yi karatu a Ingila, kuma da sunansa ake kiran Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna.

Al'amari ya fara sauyawa bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da buɗe sashen koyon likitanci a cikinta a 1967. Shugaban jami'ar a wancan lokaci, daga 1966 zuwa 1975, shi ne Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda aka haifa a Anchau ɗin nan da muka ambata. A shekarun 1970 Zariya ta zama cibiyar da duniya ke saurare. Dokta Brian Greenwood ya yi nazarin sanƙarau. Dokta David Warrell ya yi nazarin dafin maciji, musamman kububuwa. Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka lura cewa ciwon zuciya na kama mata masu jego a yankin Zariya fiye da yadda aka sani a wasu ƙasashe, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

A daidai wannan zamani, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'ar ƙauyuka, an yi ta auna jini shekara da shekaru. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Har yau masana na komawa ga alƙaluman Garki idan suna lissafin yadda cutar ke yaɗuwa.

Haka nan Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Jihar Ribas, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da suka fi rasa rayukansu su ne waɗanda ba su je awo ba, da waɗanda aka kawo a makare bayan doguwar naƙuda, da waɗanda ba su sami ilimi ba. Iyayenmu da yayyenmu ne ke cikin waɗannan alƙaluma. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, mu nawa ne a cikin masu riƙe da alƙalamin?

Shekarar 1996 ta koya mana darasi mai ɗaci. Annobar sanƙarau ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Raunin da abin ya bari a zukata na daga cikin dalilan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe. Sai da aka sha wuya, tare da sa hannun sarakuna da malamai, kafin a tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Al'ummar da ba ta da masanan da za su karanta takardar gwaji su ce a yi ko kada a yi, ko dai a cuce ta, ko kuma ta guji abin da zai amfane ta.

Alhamdu lillahi, yanzu muna da abin nunawa. Farfesa Umaru Shehu na Borno, wanda ya rasu a 2023, ya share fagen ilimin lafiyar al'umma. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya yi suna a duniya kan binciken saran maciji da maganinsa. Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, aka buga a 2023. An nuna cewa idan aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni don auna jinin da mai haihuwa ta zubar, aka kuma ba ta magungunan tsayar da jini gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba, mummunan zubar jini da abin da yake jawowa na raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mene ne shi wannan digirin digirgir? Likitan da ya shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa yana neman gwaninta ne wajen duba marar lafiya. Shi kuwa mai digiri na uku ana horar da shi ne ya gano abin da ba a sani ba. Zai zaɓi tambaya guda da ba a amsa ba, ya tsara yadda zai bincika ta a ƙarƙashin kulawar wani shehin malami, ya nemi izinin kwamitin da ke kare haƙƙin waɗanda za a yi binciken a kansu, ya tattara bayanai a asibiti ko a ƙauye ko a ɗakin gwaji, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban masana, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a. Mafi ƙarancin lokacinsa shekara uku ne bayan digiri na biyu, kuma sau da yawa yakan zarce haka saboda tsadar kayan gwaji, da ɗaukewar wutar lantarki, da yajin aiki. Ƙofarsa a buɗe take ga masu ilimin haɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da ungozomomi masu digiri, da masu aikin ɗakin gwaji, da masana ƙididdiga.

Saboda haka muna da shawarwari uku ga 'yan'uwa. Na farko, mu yi haƙuri da 'ya'yanmu masu wannan niyya, maza da mata, kada mu ɗora musu nauyin dangi gaba ɗaya tun ba su kai gaci ba, kuma mazan da ke auren irin waɗannan 'ya'ya mata su zame musu abin dogaro. Na biyu, asusun TETFund na gwamnati malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyi, wanda ba ya cikinsu sai ya nemi wata hanya, don haka ya dace ƙungiya ta keɓe wani kaso na gudummawar shekara domin kuɗin bincike, ko da na mutum ɗaya ne. Na uku, duk wanda aka taimaka wa a roƙe shi ya zaɓi tambayarsa daga cikin damuwarmu, kamar ciwon sikila, da yoyon fitsari, da ciwon ƙoda, da tamowar yara, kuma idan ya gama ya zo ya bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa, a gaban hakimi da limamai da iyaye mata.

Mun san ƙasashen waje na kiran ƙwararrunmu da albashi mai tsoka, ba ma kuma zargin wanda ya tafi neman halalinsa. Muna dai tunatarwa cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda garinsu ya tallafa masa yana ɗalibi ya fi saurin tunawa da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani, Ya kuma ƙara haɗa kawunanmu. Amin.