Ragamar asibitin mazaɓa: Ajingi ko Kano?

Mu da muka tsufa a aikin lafiya a ƙasar Gaya, tun ana ce mana duba-gari, mun ga ƙananan asibitoci a hannu uku. Zamanin En'e, ɗakin shan magani yana ƙarƙashin idon hakimi da dagaci. Malamin asibiti ya yi fashi, kafin la'asar magana ta kai fada. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da aikin hannun ciyaman da kansiloli, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma, da ya zama ministan lafiya a 1985, ya ɗaure wa tsarin gindi.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. A aikace, wurare da dama ɗaukar ma'aikata ya koma ladan siyasa: masu gadi da masu shara cunkus, ungozoma ko ɗaya babu. Allurar rigakafi daga Abuja, mai duba aiki daga Kano, kuɗin kananzir ɗin firji daga sakatariya. Kananzir ya yanke, allura ta lalace, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ranar awo mace ta taso tun daga Toranke da goyo, a ce ta dawo wani makon.

Maƙwabtanmu na Jigawa ne suka riga mu tattara ragamar da tsarin Gunduma a 2007. Majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a 2011 a haɗa komai a inuwa ɗaya, Kano ta kafa hukumarta ta kula da ƙananan asibitoci a 2012. Firji mai hasken rana ya samu, aka san mai bayar da umarni.

Amma fa kunne ya yi nisa. Kada a manta, da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, sarakuna da malamai da masu unguwanni ne suka lallaso iyaye, ba wasiƙa daga ofis ba.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, wasu ke cewa a mayar musu da asibitocinsu. Ni dai ban goyi baya ba. A bar ɗaukar ma'aikata da allura a hannun jiha, amma a ba kwamitin kowace mazaɓa a Ajingi ikon duba rajistar zuwa aiki da sa hannu kafin a taɓa ko kwabo na kuɗin asibiti.