Maimaita Min Abin da Na Ce

In na je gida Bukkuyum muna hira a ƙofar gida, jirgin Sakkwato ya gifta can sama, sai wani ya ce, "Malam, ga mutanenka nan." Har yau wasu sun ɗauka tuƙi na yi. Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Aikina zama a hasumiya, ina ba jirage hanya ta rediyo.

A kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, abin da aka fara cusa mana shi ne maimaici. Ka ce wa matuƙi ya hau ƙafa dubu shida ya karkata hagu, dole ya maimaita maka, kai kuma dole ka saurara. Da jini aka sayi wannan tsanani. Bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, aka hana furta kalmar "tashi" a rediyo sai wajen ba da izinin tashin ko soke shi.

Mintunan farko bayan tashi su ne wurin zamewa. Matuƙi yana naɗe tayoyi, yana sauya tashar rediyo, yana duban injina, kai kuma kana zuba masa lambobi. Kunnensa sai ya ji abin da ya saba ji. Wata safiya cikin hazon hunturu, lokacin ba mu da na'urar hango jirage, sai 'yan takardu da muke jerawa a kan allo da fensir a hannu, na ce wa wani matuƙi hagu. Ya ce dama. Hankalina yana kan wani jirgin mai saukowa, na ce masa daidai ne. Abokin aikina ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Dama fa ya ce." Na gyara, jiragen suka wuce lafiya, amma ranar ban iya cin abinci ba. A rahoto an rubuta kuskuren matuƙi. Ni na san rabi nawa ne.

Hatsarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Jidda, 11 ga Yulin 1991. Lokacin ba a ƙirƙiri Zamfara ba, alhazan Anka da Gummi ta Sakkwato suke tashi, can kuma suke sauka. Jirgin ƙirar DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, Nigeria Airways ta yi hayarsa ya kwaso alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyi marasa isasshiyar iska suka fashe yana gudu a titi, aka naɗe su cikin jirgi da wuta a jikinsu, matuƙan ba su sani ba. Da kyaftin ya kira yana cewa iskar cikin jirgi ta ba shi matsala, sai ya ambaci sunan kamfaninsa maimakon sunan da aka san tafiyar da shi. Ga kuma wani jirgin Saudiyya mai irin wannan ƙorafi a daidai lokacin. Mai ba da hanya ya ɗauka da na Saudiyya yake magana, aka yi 'yan mintuna ana kitso da ƙwarƙwata. Masu bincike sun ce ruɗanin bai sauya komai ba, wuta ta riga ta ci. Duk mutum 261 suka rasu. Amma ba wanda ya yi aikinmu da zai ji labarin nan bai ji sanyi a bayansa ba.

Daga baya abubuwa sun sauya: aka kafa hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA a 1999, na'urorin hango jirage na ƙasa baki ɗaya suka fara aiki a 2010.

Kafin na'urorin su zo sai ga 29 ga Oktoban 2006. Jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 zai tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, hadari ya taso. Hasumiya ta gaya wa matuƙan ƙarfin iska. Suka tashi, iska ta juye musu, jirgin ya faɗi a gona kusa da filin. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Ministan sufurin sama na lokacin, Babalola Borishade, ya ce matuƙin ya ƙi jin shawarar hasumiya. A gida an yi ta tambayata, "To ku me ya hana ku hana shi?" Na gaji da bayani. Tsawo da alkibla umarni ne, dole matuƙi ya bi. Yanayi kuwa labari kawai muke ba shi, hukuncin tashi nasa ne. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce wannan ai ba sarauta ba ce.

Da jirgin ya wuce lafiya, da ta samanmu zai bi da tsakar rana, tsakanin Anka da Bukkuyum, ya fara gangara Sakkwato.