Binciken gurɓatar muhalli a yankin Ogoni

Binciken gurɓatar muhalli a yankin Ogoni nazari ne da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta gudanar a Jihar Ribas, Najeriya, domin auna yadda malalar mai ta gurɓata ƙasa da ruwan ƙarƙashinta. An fitar da rahoton a watan Agustan 2011, bayan duba wurare sama da 200 da gwada samfura fiye da 4,000.

A Nisisioken Ogale, an tarar sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a ruwan rijiyoyi ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin yankin zai ɗauki shekaru 25 zuwa 30.