Motar Kara, Jirgin Katako da Bulon Roba

A shekarar 1949 an yi abubuwa biyu a wurare biyu da ba su san da zaman juna ba. A ranar ƙarshe ta watan Disamba, jirgin dakon mai na farko ya tashi daga tashar Umm Sa'id ɗauke da ɗanyen man Qatar. A cikin shekarar kuma, a wani ƙaramin gari na ƙasar Danmak mai suna Billund, wani kafinta ya fara sayar da 'yan bulullukan roba masu ƙulle-ƙulle a sama, waɗanda yaro zai ɗora wani kan wani. Man nan shi ya gina Dohar da muke neman abinci a cikinta. Bulon kuwa shi ne Lego, wanda muke takawa da tsakar dare a falo mu saki salati. Akwai abu na uku da ba ya cikin littafin kowa: a wajejen shekarun nan Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana yaro a Zariya yana feren karan dawa yana haɗa mota.

Bari in fara da nan inda muke. Kornish ɗin Doha ya kai kimanin kilomita 7, ya lanƙwasa kamar lauje daga Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 2008, har zuwa otal ɗin Sheraton mai siffar dala, wanda aka buɗe a 1982. Yawancin ƙasar da muke takawa a wurin teku ce aka cike a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Wanda ya je shan iska da yamma ya san jiragen katakon nan da ke jere kusa da gidan tarihin, an ɗaura musu fitilu kala-kala, ana kiɗa, masu jirgi suna kiran mutane a zaga da su a kan 'yan riyaloli. Yau abin yawon buɗe ido ne. Da can kuwa su ne rayuwar ƙasar gaba ɗaya. Wani jami'in Ingila, J. G. Lorimer, ya ƙirga a farkon ƙarni na 20 cewa Qatar tana da jiragen neman lu'ulu'u 817, da maza kusan 13,000 da ke aiki a cikinsu, a ƙasar da duka mutanenta ba su wuce 27,000 ba. Ku auna da kanku. Kusan duk namijin da ke da ƙarfi yana kan ruwa watanni huɗu na tsananin zafi.

Sai Japan ta gano yadda ake kiwon lu'ulu'u, ta cika kasuwa da shi a kan araha. Sai karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo ta ƙarasa. A shekarun 1930 da 1940 yunwa ta kori iyalai da yawa daga Qatar, jirage suka ruɓe a bakin gaɓa.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake ƙera jiragen. Maƙeran sambuk da jalbut da bum ba su da zane a takarda. Katako daga Indiya ake kawowa, sauran aikin kuma ido ne da hannu da abin da mutum ya gani a wajen maigidansa. Da sana'ar ta fara mutuwa sai ta koma ƙarama: ku leƙa Suk Wakif, tsallaken titi kaɗan daga Kornish, za ku ga ƙananan jiragen katako a shaguna, da igiyoyinsu da filafilansu, wasu a cikin akwatin gilashi. Tun 2011 kuma ake yin bikin jiragen gargajiya a Katara duk shekara. Mutanen nan sun yi asarar sana'a, amma ba su yarda siffarta ta ɓace musu ba.

Karayar da ta kashe kasuwar lu'ulu'u ita ce ta haifi Lego, ikon Allah. Ole Kirk Christiansen kafinta ne mai gina gidaje da kayan ɗaki. Da aiki ya tsaya, a 1932 ya koma yin ƙananan abubuwa da mutane za su iya saya, ciki har da motoci da agwagin katako na yara. A 1934 ya raɗa wa kamfanin suna daga kalmomi biyu na yarensu masu nufin a yi wasa da kyau. Bulon 1949 bai da wani riƙo, da an taɓa sai ya rushe, kuma ba ma shi ya fara ƙirƙiro irinsa ba, wani kamfanin Ingila mai suna Kiddicraft ya riga shi. Gyaran da ya canza komai ya zo ranar 28 ga Janairu 1958, lokacin da ɗansa Godtfred ya yi rajistar bulo mai 'yan bututu a ƙasa, waɗanda ke cafke ƙulle-ƙullen na ƙasansa. Tsohon ya rasu a shekarar. A 1960 gobara ta cinye rumbun kayan katako, suka bar katako kwata-kwata. Taya ta shigo a farkon shekarun 1960, kuma yau kamfanin yana buga 'yan tayoyi sama da miliyan 300 a shekara, fiye da kowane kamfanin tayar mota a duniya in dai ƙidaya ake yi.

Amma ba tarihin kamfanin ne ya dame ni ba, na manyan da suka ƙi barin wasan ne. Akwai dubban magidanta, maza da mata, masu aiki da iyali, da ke sayen bulo su jefar da littafin da ke cikin kwali, su ɗauki hoton wata mota ko jirgin ƙasa ko tirela, su yi ta gwadawa har sai ta fito. Da intanet ta zo a shekarun 1990 suka gano juna. A 1995 wani ɗan Ostireliya, James Jessiman, ya rubuta manhajar LDraw don a riƙa zana gini a kwamfuta kafin a haɗa. A 2000 aka buɗe kasuwar BrickLink, inda mutum zai sayi bulo ɗaya tak, irin kalar da yake so, daga hannun wani a wata nahiya. Kamfanin ya daɗe yana kallonsu a matsayin mutanen da ba su da aikin yi. Sai da ya kusa durƙushewa a 2003 da 2004 sannan ya waiwaye su. Daga baya aka buɗe hanyar da duk wanda ya ƙera abu zai sa shi a gaban jama'a, in ya sami ƙuri'a 10,000 kamfani ya duba yiwuwar sayar da shi. Na farko da ya fito ta wannan hanya, a 2011, jirgin nutso ne na Japan mai suna Shinkai 6500. A 2017 aka fitar da rokar Saturn V da bulo 1,969 daidai, don tunawa da shekarar da aka sauka a wata. A 2013 wani matashi ɗan Romaniya, Raul Oaida, da abokin aikinsa Steve Sammartino suka haɗa mota ta gaske da bulo kusan 500,000, iska ke tura injinta, mutum ya shiga ya tuƙa. A 2019 kamfanin ya saye BrickLink ɗin ma gaba ɗaya.

To, mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Daga nan sai manyan motocin dakon gyaɗa da auduga suka cika hanyoyi. Duk abin da ya wuce ta gaban yaron Bahaushe da ƙugi da hayaƙi, sai ya koma bayan gida ya yi nasa.

Ni ban ƙera ba, don a lokacinmu wasan maza ne. Mu 'yar tsana da 'yan tukwane aka bar mana, sai dai a aike ki ki tsinto sakaina. Amma na zauna na kalli Yayana yana yi har na haddace. Bayan girbi, in kara ya bushe, sai a zaɓi mai kauri a ɓare ɓawonsa siri-siri. Ɓawon nan kaifi gare shi kamar reza, babu mai motar kara da ba shi da tabo a yatsa. Totuwar ciki mai laushi a yanka ta gunduwa-gunduwa, ɓawon kuma a fiƙe bakinsa ya zama ƙusa. A soka nan, a soka can. Babu gam, babu guduma. In wani gefe ya karkace a zare a sake sokawa. Ku duba da kyau, wannan ita ce dabarar da Godtfred ya yi wa rajista: abu biyu da ke riƙe juna da kansu, kuma a iya raba su ba tare da an ɓata ba. Taya da sakaina ake yi, daga baya tsohon silifas ya karɓe ta, don ya fi juriya kuma ba ya ƙara. A ƙarshe a sa dogon kara daga gaban mota zuwa hannun direba, da sitiyari a samansa, har wasu gwanaye kan yi yadda in an murɗa, tayoyin gaba su juya.

Kayan aikin suna bin kasuwa. Da kayan gwangwani suka yawaita sai ga motar gwangwanin madara da na kifi, da murfin kwalbar lemo a matsayin taya. Kwalin sukarin St Louis ya zama bas. Langa-langan da ake ɗaure dilar kaya da shi ya zama tirela, wayar ƙarfe ta zama Marsandi. Siffar ma tana bin titi. Da aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kaduna a 1975, 504 ta zama motar kowa, daga ma'aikacin gwamnati har direban tasha, yara kuma suka koyi lanƙwasa bayanta. Da za a jera motocin yaran Kano daga gingimari da akori-kura zuwa kiya-kiya, zuwa A Daidaita Sahu da ta shigo a tsakiyar shekarun 2000, da an karanta tarihin sufurin Arewa ba tare da an buɗe littafi ba. Sai dai kara ba ya shekara biyu. Gara ta ci, akuya ta tauna, ko a wayi gari Inna ta hura wutar koko da motar da aka kwana uku ana haɗawa. Wannan kuka na sha jin sa.

Wasu sun ɗauki idon nan sun yi nisa da shi. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a 1966 ya tashi a Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit, ya shiga General Motors, zanensa ne ya zama samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. A 2007 ɗin dai, wani ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya zaga duniya. Biyu ke nan da aka ji sunansu. Sauran suna garejin Ƙofar Ruwa da Panteka, su ne in mota ta gagari kwamfuta suke kasa kunne su ce ga inda ciwon yake.

Yaranmu na nan Doha ba su taɓa riƙe karan dawa ba. Gidan haya ne a bene na huɗu, rabin shekara zafi ya hana fita, abin da ya rage shi ne kwali daga kanti, wani sa'in na ɗaruruwan riyal. Ban raina shi ba fa. Ya fi waya sau dubu, kuma ta fuskar aikina ya fi gwangwani mai tsatsa, wanda ba a rasa yaron da ya kai shi allurar tetanus. Iyaka dai a raba 'yan ƙasa da shekara uku da ƙananan gutsattsari, don hanci da baki ne ma'ajiyarsu. Damuwata littafin ne. Yaro ya bi shafi na 1 zuwa na 200, mota ta fito tsaf, a ɗora a kan kanta, a ce kada kowa ya taɓa. Bin umarni daki-daki abu ne mai kyau, da shi muke ba da magani a asibiti ba mu kashe kowa ba. Amma wani ne ya kalli motar, wani ne ya yanke shawarar inda taya za ta zauna. Yaron leburanci kawai ya yi. Baturen nan mai shekara hamsin da ya jefar da littafi yana ƙura wa hoton tirela ido, wallahi ya fi kusa da Yayana a kan ɗan cikina.

Sannan me ke cikin kwalayen? Ferrari, Bugatti, Land Rover, bas ɗin Landan. A 2021 sun fitar da ɗan keke mai ƙafa uku irin na Asiya, shi ne mafi kusa da namu da na gani. Babu 504 mai ɗauke da buhunan albasa har sama, babu gingimari mai bodin katako da zanen zaki da dabino a baya, ƙaren mota yana zaune a ƙololuwa. Ƙuri'a 10,000 ba ta fi ƙarfin unguwa ɗaya a Kano ba. Matsalar ita ce sai wani ya fara ƙerawa, kuma ba ya ƙeruwa sai ga wanda ya taɓa gani. Mu da muka gani mun haura arba'in.

Kwanan baya na aika wa Yaya saƙon murya, na ce don Allah ya bayyana mini yadda ake haɗa gaban motar kara har tayoyi su riƙa juyawa, ina so in gwada wa yara da bulonsu. Ya yi dariya ya ce, “Ke Sista, aikin ne ya yi miki kaɗan a can?” Amma ya zauna ya yi bayani na kusan minti bakwai, tun daga zaɓen kara har fiƙe ƙusa. Da ya iso daidai wurin da sitiyari ke haɗuwa da sandar taya sai ya yi shiru. Ya ce bakinsa ba zai iya faɗa ba, sai dai hannunsa, in bari a yi girbi ya samo kara ya gwada, ya sa ɗansa ya ɗauka a waya.