Yadda Aka Koyi Sauraron Jijiya

Tun zamanin da masu ilmi suna mamakin yadda ƙwaƙwalwa take aika saƙo ga hannu ko ƙafa. Cikin shekarar 1791 wani likita na birnin Bolonya ta ƙasar Italiya, sunansa Luigi Galvani, ya bayyana cewa in lantarki ya taɓa jijiyar ƙafar mataccen kwaɗo, sai ƙafar ta yi shuri. Daga nan aka fara gane saƙon jijiya lantarki ne, kamar na wayar tangaraho.

Amma sauraron saƙon ya yi wuya, don jijiyar da ke ɗauke da shi ta fi gashi siranta. Sai cikin 1939 waɗansu Ingilishi biyu, Hodgkin da Huxley, suka sami wata dabbar teku mai hannuwa goma wadda jijiyarta ta kai kaurin zare. A garin Plymouth suka zura siririn bututun gilashi a cikinta, suka auna lantarkin. Yaƙin Hitila ya tsai da aikin, ba su gama bayyana shi ba sai 1952.

To, dabarar huda tana da aibi. Ƙwayar jijiya in an soke ta ba ta daɗewa da rai, kuma ɗaya ɗaya ake saurara. Don haka cikin 1972 waɗansu masana a Amurka suka shimfiɗa ƙananan wayoyi 30 a kan allon gilashi, suka reni ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako a kai, suka ji bugunsu ba tare da huda ba. Cikin 1980 Jerome Pine ya yi haka da ƙwayoyin jijiyar ɓera. Wayar da ke sauraro kuwa tana iya aika musu lantarki, su amsa.

Yanzu allon da bai wuce farce ba yana ɗauke da wayoyi dubbai, ƙwayoyin kuma suna yin watanni a kansa da rai. Da shi ake binciken farfaɗiya, ana kuma gwada sabon magani a ga ko zai cuci ƙwaƙwalwa tun ba a ba majiyyaci ba. Daga kwaɗon Galvani zuwa allon farko shekara 181 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.