Yaya ake gane abu mai rai?

Masana kimiyya sun ce mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana hayayyafa, kuma jikinsa ƙananan ƙwayoyin halitta ne da sai da madubin likita ake ganinsu.

Ido kaɗai yakan ruɗi mutum. Wuta tana ci tana yaɗuwa, amma ba ta da rai. Gawon gonakinmu na Matameye kuwa, da damina yakan kakkaɓe ganye tas kamar matacce, da kaka ya toho.

Haka irin hatsi a rumbu: shiru yake, amma yana numfashi. Danshi da zafi na kashe shi. To manoma, kafin shuka a naɗe ƙwaya 100 cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsira.